Dutsen da Aka Gusar Ana La'asar

Ku matso kusa. Na tsaye ya nemi wuri ya zauna, mai waya ya kife ta na ɗan lokaci. Labarin wani mutum zan ba ku, wanda in kun taɓa bi ta Sabon Garin Wudil da hantsi kun gan shi, ko da ba ku lura ba. Shi ne dattijon nan siriri mai ɗan teburin gilashi a gindin dalbejiya, daf da inda masu a-daidaita-sahu ke juyawa. Sunansa Ya'u, amma tun zamanin da ake ɗaura agogo a hannu don sanin lokaci ake ce masa Ya'u Mai-agogo. Yanzu da kowa ke duba lokaci a waya, teburin ya cika da caja da batir da tocila. Agogo huɗu suka rage masa, biyu ma ba sa tafiya. Sunan dai ya ƙi barinsa.

A Ɗankaza aka haife shi, kuma kakansa ne ya koya masa dara a kan rairayi, suna jiran shanu su gama shan ruwa. Ga wanda bai san ta ba, ramuka talatin ake haƙawa a ƙasa, ana ce musu gidaje. Wannan ya riƙe karare goma sha biyu, wancan duwatsu goma sha biyu. A dasa su ɗaya bayan ɗaya, sannan a shiga gusar da su gida-gida. Wanda ya jera uku a layi sai ya cire wa abokin wasansa ɗa guda. Dokar ke nan, amma mutum sai ya tsufa bai gama sanin cikinta ba.

Allah ya yi wa Ya'u wata baiwa. In ya kalli dara sau ɗaya, ta zauna masa a ka ke nan. Sai ya dasa maka wasan da aka yi bara, ya nuna maka gidan da wane ya yi kuskure. Sunayen jikokinsa kan rikice masa, ya kira wannan da sunan wancan, amma gidan dara bai taɓa ɓace masa ba.

Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya shigo Wudil koyon gyaran agogo, a nan ya haɗu da Tasi'u, mutumin Darki, mai sayar da irin shuka da maganin feshi. Tasi'u dogo ne, mai babbar murya, mai saurin hawa da saurin sauka. Shago ɗaya suka kama, kwano ɗaya suke ci, da yamma kuma su zauna dara. Kullum duwatsu na Tasi'u, karare na Ya'u. In Tasi'u ya ci, sai unguwa ta ji. In Ya'u ya ci, sai ya share ƙasa ya ce a sake.

Abu biyu suka shiga tsakaninsu a shekara guda, siyasa da Dije.

Siyasar ita ce ta zamanin jam'iyya biyu, lokacin da ake zaɓen ƙato bayan ƙato, kowa ya tsaya a layi bayan hoton wanda yake so, gari na kallonsa. Tasi'u ya fito takarar kansila. Abokin hamayyarsa Alhaji Maikano ne, mai motocin haya, kuma a ƙofar gidan Maikano teburin Ya'u yake. Ba wanda ya ce wa Ya'u zaɓi ɗaya. Ya dai wayi gari ya ga kansa a majalisar Maikano, shi ke nan.

Dije kuwa 'yar Malam Ɗahiru ce, dillali a kara, kasuwar shanu. Ɗinkin hula take yi, ga hannu ga baki. Tasi'u na zuwa zance ran Litinin, Ya'u ran Alhamis, kowa ya san da kowa. Mahaifinta ya ce ita za ta zaɓa, ita kuma ta yi ta ja musu rai wata da watanni. In Ya'u ya matsa sai ta ce, "Kai da kake gyara agogo ai ka san komai da lokacinsa."

Ana saura mako guda zaɓe, majalisun biyu suka shirya gasar dara. Ba dara ce za ta ba da kujera ba, amma kun san halin gari, duk wanda ya ci, maroƙansa sun samu waƙar mako. Maikano ya tsayar da Ya'u. Tasi'u ya ce shi da kansa zai zauna, aka ba shi baki ya ƙi. Aka naɗa Halliru wanzami alƙali, don shi yana aske kan kowa, ba ya tare da kowa.

Aka fara bayan azahar, jama'a ta yi da'ira har wasu na hawa benci. Malam Ɗahiru ma ya zo, da farar babbar rigarsa, aka ba shi kujera a gaba. Wasa ya yi tsawo. Kafin la'asar Ya'u ya ga abin da sauran jama'a ba su kai ga gani ba: an ci shi. Akwai wani dutse na Tasi'u can gefe, a layin ƙarshe, ya tsare masa hanya ɗaya tak da ta rage. Muddin dutsen nan na nan, cikin tafiya biyar ko shida Tasi'u zai fara kwashe masa karare.

Sai aka kira salla.

Al'adar 'yan dara a wurin ita ce, in an kira salla ba a ƙara taɓa ƙasa. A kife wasan da kwando saboda awaki, kowa ya tafi masallaci, in an dawo a ɗora daga inda aka tsaya. Ba a barin mai gadi. Barin mai gadi ma zagi ne, don cewa ke nan a cikin masu salla akwai ɓarawo. Halliru ya karɓi ƙaton kwando wurin mai tumatir, ya kife da hannunsa, aka ɗunguma.

Ya'u ya kai har ƙofar masallaci tare da Tasi'u. Aka ta da iƙama, ya ce a ransa bari ya sake alwala. Ya koma ɗaukar buta, ga fili fayau, ba kowa sai kaji. Har yau in ya tuna, abin da ke ba shi tsoro shi ne bai yi wani dogon tunani ba. Ya ɗaga kwandon, ya gusar da dutsen gida ɗaya, ya shafe sawun yatsansa, ya mayar da kwandon. Hannun mai gyaran agogo ne, ko ƙwayar rairayi bai tayar ba. Ya samu sahun baya, raka'a ɗaya ta wuce shi.

Da aka dawo aka buɗe, Tasi'u ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ce, "Dutsena ba nan na bar shi ba."

Mutanen Maikano suka kwashe da dariya. Nasa mutanen suka kalli juna, don hankalin kowa na tsakiya ne inda ake gumurzu, ba wanda zai iya dafa gefen nan ya ce ga yadda yake. Halliru ya ji abin a ransa. Ya ce shi ya kife, shi ya buɗe, ya rantse ba a taɓa ba, kuma wa zai taɓa bayan duk ana sahu? Tasi'u ya sake faɗa, ya kuma faɗa, idonsa na kan Ya'u. Ya'u na kallon kararensa. Can sai Tasi'u ya miƙe ya sa ƙafa ya shure wasan, ƙasar ta tashi ta sauka a kan farar rigar Malam Ɗahiru, har cikin gemu.

Kafin magariba maroƙan Maikano sun haɗa waƙa:

Watsa-ƙasa, Watsa-ƙasa,
An ci ka a ƙasa ka huce kan ƙasa,
In aka ba ka gari ina za mu ɓuya?

Ran zaɓe layin Tasi'u bai kai bakin kwata ba. Malam Ɗahiru bai hana Dije komai ba, ya dai ce mutumin da zai tuhumi masu fitowa daga salla a kan wasan ƙasa, a yi tunani. Bayan wata uku aka ɗaura aurenta da Ya'u. Tasi'u ya kwashe kayansa ya koma Darki noma, bai ƙara zama gaban dara ba.

Shekara talatin da 'yan kai suka wuce. Ya'u ya haifi bakwai, ya aurar da biyar, ya gina ɗaki uku da zaure. Mutumin kirki ne a bakin kowa, kuma ba ƙarya aka yi ba. Shi ake kira rabon faɗa, shi ke kai marar lafiya asibiti. Abu ɗaya mutane suka lura da shi, ba ya makara sallar la'asar, ko ciniki ake ya bar shi. Suna yaba masa. Shi kaɗai ya san ba tsoron Allah ne kawai ke kai shi sahun farko ba.

Bana, bayan damina, wasu ɗalibai biyu na jami'ar garin suka tsaya gaban teburinsa. Macen Khaulat, 'yar Bauci, ita ce shugabar ƙungiyarsu ta wasan kwaikwayo. Namijin Muhsin, Bakatsine, injiniya yake karanta. Suka gaishe shi har ƙasa, suka tambayi gida da iyali da kasuwa, sannan Khaulat ta faɗi abin da ya kawo su. Wasa suke son yi mai waƙoƙi, a kan dandamali, kuma wani mai a-daidaita ya ba su labarin gasar dara da aka taɓa yi a nan.

"Baba, komai na ciki," in ji ta. "Ga siyasa, ga soyayya, ga gasa. An ce kai ne gwanin, har matar ma kai ka samu."

Ya kamata ya ce ya manta. Amma an daɗe ba a zauna gabansa ana rubuta abin da yake faɗa ba, kuma yarinyar ta iya sauraro. Ya ba su labarin yadda gari ya san shi. Da ta tambaya ko akwai waƙa, da bakinsa ya rera musu ta Watsa-ƙasa, Muhsin na ɗauka a waya, suna ta dariya.

Suka roƙe shi ya riƙa zuwa duk Asabar yana koya wa 'yan wasan dara, don ba sa son su yi ta motsa duwatsu a banza. Sun yi dabara: faranti babba cike da rairayi, kyamara a samansa, majigi na haska wasan a jikin farin ƙyalle yadda na bayan ɗaki ma zai ga kowane gida. An canza sunaye, amma duk ɗan Wudil zai gane. Muhsin ne ya fito a matsayin Tasi'u, an ba shi wata doguwar hula ta ban dariya. Waƙar Watsa-ƙasa kuwa sun sa mata kiɗan zamani da 'yan amshi goma sha biyu, ita ce suke sa ran za ta ta da ɗakin.

Ya'u ya dasa musu wasan yadda aka yi shi, tafiya bayan tafiya. Asabar ta uku suka kai wurin da aka kira salla, ya jera musu yadda ƙasa take. Asabar ta huɗu ya jera musu yadda take bayan an buɗe kwando. Bakinsa ya shekara talatin yana ba da labari iri ɗaya, amma hannunsa bai san da wannan shiri ba. Abin da ya gani shi ya dasa, duka biyun.

Muhsin ya duba littafinsa, ya duba faranti. "Baba, tsaya. Wancan makon dutsena na nan gefe. Yau ga shi nan. Kuma ban yi tafiya ba."

"Kai dai ba ka iya zane ba," in ji Khaulat. "Injiniyan da ya kasa ramuka talatin, Allah ya tsare mu da gadarka."

"Hajiya darakta, na ɗauki hoto. Ga shi."

Aka miƙo wa Ya'u wayar. Ya kalli dutsen a gidansa na gaskiya, inda Tasi'u ya bar shi. Ɗalibai goma sha wani abu na tsaye suna jiran bakinsa.

Ya ce, "Tsufa ne, 'ya'yan nan. Na makon jiya ne na kuskure. Ku gyara shi ya zama kamar na yau."

Muhsin ya sa biro ya soke, ya gyara. A cikin a-daidaita, hanyar gida, Ya'u ya ce wa kansa karo na biyu ke nan. Na farko yana saurayi, jini na tafasa. Wannan kuwa da furfura ya yi shi, gaban yaran da ke ce masa Baba.

Ana saura kwana biyar a nuna wasan, Khaulat ta zo da katin gayyata. Ta ce ta ji Tasi'u na nan da rai a Darki. "Mu gayyace shi, Baba. Ai abu ya wuce, shi ma dariya zai yi." Ya'u ya karɓi katin ya ce shi zai kai.

Ran Talata da safe ya hau mota. A bakin hanya ya tambayi wani mai faci gidan Malam Tasi'u. Mutumin bai wuce shekara talatin ba, ko haihuwarsa ba a yi ba ranar gasar. Ya ce, "Wane Tasi'un? Watsa-ƙasa? Bi nan, gida mai tsamiya."

Ya same shi a gindin tsamiyar yana ɓarar gyaɗa. Ya rame, murya ce kawai ba ta ragu ba. Suka gaisa gaisuwar mutanen da suka saba haɗuwa a jana'iza kaɗai: gajiya, iyali, amfanin gona, ciwon ƙafa, waɗanda suka rasu. Aka kawo ruwa. Gaisuwa ta ƙare, ba abin da ya rage a faɗa. Ya'u ya ajiye katin a kan tabarma, ya yi bayanin wasan, sannan ya ce,

"Tasi'u, ni na gusar da dutsen nan."

Tasi'u bai daina ɓarar gyaɗarsa ba. "Raka'a ɗaya ka rasa. Na yi sallama na waiga, na gan ka tsaye a baya kana cikowa. Na ce, Mai-agogo da muka zo ƙofa tare?"

"Ka sani ke nan. Me ya hana ka faɗa?"

"Na faɗa mana. Na ce an taɓa. So kake in ce kai ne, a gaban gari, mutumin da muke sa hannu a kwano ɗaya? Na tsaya ina kallonka, ina jira ka buɗe baki. Sau uku na ba ka dama. Da ka ƙi, ƙafata ta riga ni."

"Ka yafe mini."

"Tsakanina da kai na daɗe da sauke shi, ba don kai ba, don in samu barci. Kujerar ma da na samu, wa ya san abin da za ta mayar da ni." Ya watsa ɓawo gefe. "Amma sunan nan ba ni na raɗa wa kaina ba, ba ni zan iya cire shi ba. Bana aka zo neman auren jikata Nafisa. Dangin yaron suka yi bincike, aka ce musu gidan masu zafin kai ne, kakanta ya taɓa watsa wa dattijo ƙasa a fuska don an ci shi wasa. Har yau suna shawara. Yarinyar da ko kaza ba ta iya kora."

Ya tura katin da yatsa ya dawo gaban Ya'u. "Ɗauki abinka. Na ji waƙar nan ta ishe ni. Ni ka zo gaya wa abin da na sani. Waɗanda ba su sani ba suna can."

Da Ya'u ya koma gida da yamma, ya tarar da Dije a tsakar gida tana tsintar wake. Ya jawo kujera ya zauna, abin da ba ya yi da rana. Ta ce, "Malam, lafiya? Ko caja ma an daina saya?" Ya gaya mata, tun daga buta har gindin tsamiya.

"Ni na wanke wa Baba rigar nan," in ji ta. "Ina wanki ina tsine wa Tasi'u. Baba ya rasu yana ce masa marar kunya."

Ya'u ya yi tambayar da ya shekara talatin yana haɗiyewa. "Da ban yi ba, wa za ki zaɓa?"

"Ban sani ba. Lokacin ban gama sani ba, ina cikin dubawa ne." Ta ɗago ta kalle shi. "Ban yi da-na-sanin zama da kai ba, kada ka ɗauka haka. Amma ka hana ni sani, Malam." Ta ɗauki faifanta ta shiga ɗaki.

Washegari ya sami Khaulat da Muhsin a ajin da suke gwaji, ya faɗa musu. Khaulat ta zauna a kan tebur ta dafe kai. Ta ce wata biyu suna gini a kan ƙarya, an riga an naɗi kiɗa, 'yan amshi sun haddace, saura kwana uku, me za ta canza? Ba ta ɗaga masa murya ba, amma a duk maganar ba ta ce masa Baba ko sau ɗaya ba.

Muhsin ya buɗe littafinsa wurin da ya soke. "Kada a canza komai. A mayar da dutsen gidansa na asali. In an kife kwando kowa ya fita, sai wani ya shigo ya gusar da shi, majigi na nunawa. Jamil ne ke fitowa a Baba, shi zai yi."

"A'a," in ji Ya'u. "Hannun da ya yi, shi zai yi."

Ran Asabar da hantsi ɗakin taro ya cika, ɗalibai har a taga. A layin gaba ga Halliru wanzami, ya tsufa ƙwarai, da sandarsa, da wasu dattawa biyu na tsohuwar majalisa. Dije na ɓangaren mata. Wasa ya yi armashi. An yi waƙar kamfe, ɓangare biyu na jifan juna da baiti. An yi ta budurwa mai ɗinkin hula da samarinta biyu, aka yi ta tafi. Aka zo gasa, duwatsu da karare na tafiya manya-manya a jikin ƙyalle. Mai ba da labari ya ce lokacin salla ya yi, aka kife kwando, dandamali ya zama ba kowa.

Ya'u ya fito daga gefe da shuɗiyar rigarsa ta kullum. Wasu ɗalibai suka fara dariya, sun zaci tsoho ne ya ɓata hanya. Ya durƙusa, gwiwa na ƙara, ya ɗaga kwandon. Sai ga hannunsa a jikin ƙyalle, ya kai girman ƙofa, duk jijiya. Ya ɗauki dutsen, ya gusar da shi gida ɗaya, ya shafe sawun yatsa, ya mayar da kwando. Kafin ya fita ya tsaya ya fuskanci layin gaba, don kada a ce ba a gane shi ba.

'Yan wasa suka dawo. Muhsin, da doguwar hularsa ta ban dariya, ya kalli faranti ya ce, "Dutsena ba nan na bar shi ba." A wurin gwaji nan ne ake fara ƙyalƙyala. Ranar ba wanda ya yi. Ya shure ƙasa, kiɗa ya tashi, 'yan amshi goma sha biyu suka shigo da waƙar Watsa-ƙasa yadda aka koya musu, suna rausaya, ɗaki tsit. Kafin baiti na biyu muryoyinsu sun yi ƙasa, da ƙyar suka kai ta ƙarshe.

Da aka tashi an yi tafi mai yawa. Wani malami ya yaba wa Khaulat, ya ce dabarar shigo da tsohon nan ita ce gishirin wasan, ina ta samo shi? Ɗalibai suka yi ta ɗaukar hoto da Ya'u, wata ta ce wallahi Baba ya iya aktin. 'Yan Sakkwato ne da Gombe da Maiduguri, ba su san Tasi'u ba, ba su san Darki ba. A wurinsu wasa ne ya yi daɗi.

Halliru ne bai tashi daga kujerarsa ba. Ya'u ya je ya durƙusa ya miƙa masa hannu, tsohon ya bar hannayensa a kan sanda.

"Ni na kife kwandon nan, Ya'u. Na rantse da Allah a gaban jama'a ba a taɓa ba. Ka bar ni da rantsuwar nan shekara talatin, kana kawo mini kanka ina askewa."

Kashegari Halliru ya sa aka kai shi Darki. Ran Laraba ya biyo ta gindin dalbejiya, bai zauna ba, bai karɓi ruwa ba. Ya ce ya gaya wa Tasi'u abin da aka yi a jami'a, Tasi'u ya ce ya ji. Iyakar saƙon ke nan. Sannan Halliru ya ce shi ran Juma'a zai koma, in an idar da salla zai tsaya a ƙofar masallacin Darki ya warware rantsuwarsa gaban mutanen garin, har da dangin yaron da ke neman Nafisa, ya riga ya aika musu.

"Can ba majigi, ba tafi," in ji shi. "Da baki ake yi. Motar ƙarfe goma sha ɗaya zan hau. Ban ce ka zo ba, na dai gaya maka lokaci."

Ya'u ya wuni ran Alhamis a teburinsa, mai sayen batir ya yi sallama sau biyu kafin ya ji. Gaban baƙi ɗari biyar hannunsa kawai ya nuna, bai ce uffan ba. A Darki kuwa zai tsaya ne gaban 'ya'yan Tasi'u da jikokinsa, waɗanda suka tashi da sunan nan a kansu, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, kuma daga ranar nasa 'ya'yan bakwai su ma sun samu abin da za a riƙa kiransu da shi.

To, ku da kuka zauna kuka ji, ku gaya mini. In ya hau motar nan, ya wanke jikokin Tasi'u ya shafa wa nasa, waɗanda su ma ba su taɓa dutsen kowa ba. In ku ne Ya'u, da wace fuska za ku je, kuma da wacce za ku zauna?